Tambaya da Amsa: Tsara wurin jiran layi a ƙofar shago lokacin annoba

Wasiƙun wannan fitowar sun haɗu a kan abu guda: ina mutane za su zauna, kuma yaya za su jira, idan annoba ta sa an hana su cika cikin shago? Duk wanda ya ga ƙofofin bankuna a ranar 4 ga Mayu 2020, ranar da aka sassauta kullen korona a Legas da Ogun da Abuja, ya san cewa rage cunkoso a ciki yakan mayar da shi bakin ƙofa ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa na korona a 5 ga Mayu 2023, amma a shekarar ta 2023 ce mashaƙo ya addabi Kano, ga ƙyanda da sanƙarau da ke zagayowa da zafi, kuma dukkansu ta numfashi da cuɗanya suke yaɗuwa. Masu zanen gini da masu aikin ƙarfe da jami'an tsaftar muhalli ne suka haɗu suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da kyamis a Kano. Faɗin gaban shagona mita 6 ne, daga ƙofa zuwa kwata kuma mita 8. Lokacin korona na shata layuka da fenti, amma ko kwana biyu ba a yi ba aka daina kallonsu, kowa ya dawo jikin bango. Mutum nawa wurin zai ɗauka, kuma me zan yi su tsaya inda aka ajiye su?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Jikin bangon da suka koma, a nan amsarku take. Inuwa suke bi. Mutumin da rana ke dukansa a watan Afrilu ba zai tsaya a kan da'irar fenti ba alhali ga inuwa taku uku daga inda yake. Saboda haka a raba inuwar da kujerun ne bisa tazarar da ake so, fenti ya zo daga baya.

Ga lissafin filinku. Daga mita 8 ɗin, a cire mita 1.5 ta bakin kwata a bar wa masu wucewa, a cire mita 2 ta bakin ƙofa domin mai fitowa kada ya yi karo da mai shiga. Saura mita 4.5. Daga faɗin mita 6 kuma a ware mita ɗaya a gefe ta zama hanya. Abin da ya rage, mita 5 da mita 4.5, zai ɗauki sahu uku, kowane sahu kujera uku, idan akwai mita 2 daga tsakiyar kujera zuwa tsakiyar ta kusa da ita. Mutum tara ke nan.

A lura da wani abu da ake yawan kuskurewa. Mita 2 daga tsakiya zuwa tsakiya ba ita ce mita 2 tsakanin mutane ba, domin faɗin kafaɗar babban mutum ya kusa rabin mita. Abin da ke tsakaninsu mita 1.5 ne. Wannan ya haura mita ɗaya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin mafi ƙaranci, amma bai kai mita 2 da hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta riƙa shelantawa a Najeriya ba. In ana son cikakkiyar mita 2, sai a buɗa zuwa 2.5, kujerun su koma huɗu. A waje, inda iska ke kaɗawa kuma mutane na sanye da takunkumi, mun fi karkata ga kujera tara da kowa zai samu a kan huɗu da za su bar mutum biyar a tsaye suna jingina da na zaune. Kowa ya fuskanci ƙofa, kada a jera kujeru suna kallon juna.

Sai ku raba lamba. In kuna sallamar mutum ɗaya a minti uku, na tara zai jira minti 27, na ashirin kuwa awa guda. Babu dalilin da zai sa na ashirin ya zauna. A ba shi lambarsa, a gaya masa lokacin da zai dawo, ya je ya yi wata sabgar ko ya yi sallarsa. Lamba tana da wani amfanin: layi ba ya motsi. Mutum ya zauna a kujera ɗaya har a kira shi, maimakon ya bi kujeru tara ɗaya bayan ɗaya yana dafa kowace. Takardar da ake yaga wa mutum ya tafi da ita ta fi katin roba da ke yawo hannu zuwa hannu. A rataye ƙaramin allo a saman ƙofa ana rubuta lambar da aka kai, domin in ba a ganin lamba daga nesa kowa zai taso ya leƙo.

TAMBAYA: Ni mai walda ne a Zariya. Wani mai kanti ya ba ni aikin benci na masu jira, ya ce in yi dogo a sa alamar hani a tsakiya. Wane awo zan bi, kuma da wane ƙarfe?

AMSA: Maigida, ku lallashe shi ya bar maganar dogon benci. A ƙasar nan ba a barin dattijo a tsaye alhali ga fili a benci, ko an zana masa alama goma. Wani zai ce "bismillah, ga wuri", kuma daidai ya yi a tarbiyyarsa. Laifin na bencin ne. A yi abin zaman da babu inda na biyu zai raɓa.

Awon kujera ɗaya: tsayi daga ƙasa santimita 45, kada ya gaza 43 ko ya wuce 48. Faɗi 45 zuwa 50, zurfi 40 zuwa 45. Majingina ta ɗan kwanta baya kaɗan, kamar digiri 100 zuwa 105, tsayinta ya kai santimita 40 daga mazauni. Ɗaya cikin kowace uku a yi mata madafa a gefe biyu, santimita 20 sama da mazauni, saboda tsoho da mai ciki da mai ciwon gwiwa da hannu suke tashi. Kujera mai gajarta ita ce ke wahalar da su, ba mai tauri ba.

In mai kanti ya dage a kan abu guda da ba za a ɗauke ba, ga dabara. Ku sami fayif mai kusurwa huɗu na inci 2, kaurin bangonsa milimita 2 zuwa 2.5. Ku yanke mita 5.5, ku ɗora mazauni uku a kai, mita 2.5 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, kowane mazauni da ƙafafunsa a ƙarƙashinsa domin nauyi ya sauka ƙasa kai tsaye, fayif ɗin kada ya lanƙwashe. Tsakanin mazaunan a bar fayif tsirara. Ba mai jure zama a kan ƙarfen inci 2. Wannan benci jikin bango ake ajiye shi ko a ƙarshen fili, kada a gitta shi a hanya. Kafin ku yi fenti ku huda ramukan noti a tsakanin, ramuka biyu a kowane santimita 50. Ranar da annoba ta wuce sai a ɗaura falankai a cike gurbin, ya zama benci na mutum goma, kuɗin mai kanti bai tafi a banza ba.

Mazaunin kansa kada ya zama farantin ƙarfe. Baƙin ƙarfe a ranar bazara yana ƙona cinya ta cikin tufafi, da damina kuma ya tara ruwa. Katako ya fi: falanki mai kaurin inci ɗaya, a tsaga shi santimita 9 ko 10, a bar ratar santimita ɗaya tsakani don ruwa ya zube. A goge shi sumul, a kashe kaifin gefe, a shafa masa fentin mai sau biyu, domin katakon da ba a rufe ba yana shan ruwan wanki ya tsattsage. Ƙarfen kuma a kankare tsatsa da dattin walda, a shafa jan fentin hana tsatsa, sannan fenti mai haske a kai. Daga wurin walda da gindin ƙafa tsatsa ke farawa. Ku toshe bakin kowane fayif na sama, ku huda ƙaramin rami a ƙasa don ruwan da ya shiga ya fita, ku liƙa ɗan faranti a tafin kowace ƙafa kada ta nutse a ƙasa. In daɓen siminti ne, a ɗaure ƙafar da noti mai buɗewa na milimita 10.

Wanda ba shi da kuɗin ƙarfe, bulo ya ishe shi. Bulo mai inci 9 tsayinsa santimita 22.5 ne. A ɗora biyu a kan biyu, a haɗa da ɗan siminti, a rufe da guntun falanki, an sami ɗan dakali mai tsayin santimita 47 da ba mai ja ya matsar. In ba a sa siminti ba yana girgiɗi, kuma ramukan bulo maɓoyar kunama ne, a cike su da yashi. Kujerun roba kuwa matsalarsu tafiya: kafin azahar sun taru a inuwa. A ɗaure ƙafafunsu na baya da waya a jikin doguwar gora ko rodi bisa tazarar. Rana tana busar da roba ta yi ƙaushi ta karye, don haka duk wadda ƙafarta ta fara yin fari-fari a cire ta kafin ta kayar da mutum. Taya da ake cika da kankare ma tana aiki, in dai ba a bar mata inda ruwa zai kwanta ya tara sauro ba.

TAMBAYA: Ina kula da wani babban shago a Sakkwato. Mun yi rumfar kwano, mutane suka ce ta fi rana zafi. Muka sa tamfol, hadarin farko ya ɗauke shi har da sanduna. Da la'asar kuma inuwar kan gudu ta bar kujerun. Ina mafita?

AMSA: Alhaji, matsaloli uku ne, kuma kowace da dalilinta.

A fara da inuwar da ke gudu, don ita ce ba a cika lissafawa ba. Inuwa tana zamewa gwargwadon tsayin rumfa da karkatar rana. A yankinmu, wajen ƙarfe uku da rabi na yamma rana takan sauko rabin hanya tsakanin tsaka da faɗuwa, a lokacin kuwa inuwa takan matsa gabas da kwatankwacin tsayin rumfar. Rumfa mai tsayin mita 2.7 da faɗin mita 2.5, in ta miƙa daga kudu zuwa arewa, a wannan lokacin babu sauran inuwa a ƙarƙashinta. In kuwa ta miƙa daga gabas zuwa yamma, kujerar ƙarshe ta yamma kaɗai rana za ta taɓa, sauran suna cikin inuwar rufin da ke yamma da su. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya fi tsanani, rana kusan ta saman kai take bi, don haka zamewar inuwa kudu ko arewa ba ta da yawa. Da hunturu takan karkata kudu, inuwa ta matsa arewa, amma a lokacin mutane ma hantsi suke nema. In fili ya ba da dama, rumfa ta bi gabas da yamma. In bai bayar ba, a ƙara wa rufin tsawo ta yamma da mita 1.5, a kuma rataye zana ko raga mai zurfin mita ɗaya daga bakin rufin. Kafin a haƙa rami ko ɗaya, a kafa gora mai tsayin rumfar a wurin, a shata inda inuwarta ta faɗa da ƙarfe 10, da 1, da 4. Aikin yini ɗaya ne, yana hana asarar siminti.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne saukar da tamfol har ƙasa ta gefuna. An fitar da mutane waje ne don su sha iska. Rumfar da aka rufe ta gefe uku ɗaki ce, numfashin kowa na zagayawa a ciki. Aƙalla gefe uku su zauna a buɗe, abin da aka rataye kuma ya tsaya sama da kan mai zama.

Zafin kwano daga kusancinsa da kai yake zuwa. Kwanon da ya sha rana yana feso zafi ƙasa kamar murhu. A ɗaga shi ya kai mita 2.7 ta ƙasa, mita 3 ta sama, a shafa wa bayansa farin fenti, a shimfiɗa zana a ƙarƙashi da ratar santimita 10 zuwa 15 domin iska ta bi tsakani. Zana ita kaɗai ma ta fi kwano sanyi, illarta ruwan sama da gobara. Kada ta kusanci janareta ko wutar mai shayi. Akwai kuma koriyar ragar da masu rainon shuke-shuke ke amfani da ita, mai tare kashi 80 zuwa 90 na hasken rana. Ba ta tara zafi, iska na ratsa ta, amma ba ta tare ruwa. Shagon da layinsa na rani ne, ita ta fi masa sauƙi.

Sai iska. Mutane kan ɗauka nauyi ne ke rusa rumfa, alhali ɗagawa ce. Iskar da ke zuwa gaban hadari daga gabas tana shiga ƙarƙashin rufi ta cira shi sama. In gudunta ya kai kilomita 90 a awa, ƙarfin da take yi wa kowace murabba'in mita ya kusa kilo 40. Rufi mai mita 3 da mita 6, wato murabba'in mita 18, zai fuskanci abin da ya kusa kilo 700. Dutse ko bulo biyu a gindin sanda ba za su riƙe wannan ba. A kafa ginshiƙai shida na fayif mai inci 2 ko 3, kowane a rami mai santimita 40 da 40, zurfin 60. Kankaren rami ɗaya ya kai kilo 230, shida sun doshi kilo 1,400, ninki biyu na abin da iska za ta ja. Haɗin: awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, buhu uku da rabi zuwa huɗu za su yi duka ramukan. A gitta guntun rodi a gindin kowane fayif a yi masa walda, in ba haka ba fayif sumul yakan zare daga kankare kamar wuƙa daga kube. A riƙa yayyafa ruwa har kwana bakwai, kada a ɗora rufi kafin kwana uku. A kusurwoyin sama a sa ƙarfen tokari mai tsawon santimita 50, don rumfar da ba ta da shi takan kwanta gefe guda. Sandunan da kwano ke kwanciya a kai kada su wuce santimita 90 tsakani, kuma a bakin rufi a ninka yawan ƙusoshi masu hula, domin daga baki iska ke fara ɓanɓara. Rufin ya gangara aƙalla santimita 30 a faɗin mita 3, ruwansa ya zuba wajen kwata, ba kan hanyar shiga ba.

In dole sai tamfol, a ɗauke shi abin cirewa. A ɗaura shi da igiya ta yadda mutum biyu za su naɗe shi cikin minti biyar da zarar gabas ta yi baƙi, a kuma ja shi ya miƙe da gangara sosai. Ruwa mai zurfin santimita 5 a kan murabba'in mita ɗaya kilo 50 ne, buhun siminti guda ke nan a saman kan mutane. Kafin ɗaga kowane dogon fayif a dubi wayar lantarki ta sama. In akwai darbejiya a wurin, kada a sare ta don a yi rumfa. A jera kujeru a kewayen inuwarta.

TAMBAYA: Ina sayar da kayan masarufi a Maraɗi, yawancin masu sayayyata mata ne da goyo da yara a hannu. Ga tsofaffi, ga wasu a keken guragu. Kujera ɗaya ɗaya ba ta yi mana.

AMSA: Gaskiyarku, Hajiya. Tazara tsakanin gida da gida ake nema, ba tsakanin uwa da ɗanta ba. A ɓangaren mata ku yi mazauni mai faɗin santimita 90 zuwa mita ɗaya, marar majingina ko mai gajeriyar majingina, domin mai goyo ba ta iya jingina, kuma tana bukatar fili a bayanta. Tazarar a auna ta daga ƙarshen wannan mazauni zuwa farkon wancan, mita 1.5 ko fiye. A gefen kowane a bar wurin ajiye kwando ko buhu, in ba haka ba kaya za su hau kujerar wani. In za a raba layin maza da na mata, kowanne ya sami rabonsa na inuwa da hanyarsa, amma lamba ta zama guda, a riƙa kira bi da bi, don kada wani ɓangare ya ga ana fifita ɗaya a fara tasowa.

Kujeru biyu mafi kusa da ƙofa, masu madafa, na tsofaffi da masu ciki ne. Mai keke kuma a bar masa gurbi a cikin inuwa, santimita 90 da 140, hanyar zuwa wurin kada ta gaza mita 1.2, da fili mai mita 1.5 inda zai juya. In akwai tudu a bakin ƙofa a yi gangara: kowace santimita ɗaya ta tsayi tana bukatar 12 na tsawo, wato tudun santimita 15 sai gangarar mita 1.8. Gajeriyar gangara mai tsini tana kifar da keke ta baya. Murfin kwata ya zama lafiyayye, ba katakai masu rata da sandar makaho ko tayar keke za ta faɗa ba. Igiyar raba layi kada a ɗaura ta daidai gwiwa; a kai ta santimita 90, a ɗaura mata ƙyallaye masu haske.

A watan Maris 2020 manyan kantuna a Ingila da Ostareliya sun ware sa'ar farko ta safe ga tsofaffi. Wannan ba ya cin ko sisi, kuma a wurinmu ya dace da sanyin safiya.

TAMBAYA: Daga zangon Kumasi nake rubutowa. Mun sayi abin wanke hannu mai takawa da ƙafa, wata biyu ya lalace, gindinsa kuma ya zama taɓo. Me ya fi ƙarko?

AMSA: Ɗan'uwa, maganin yana ƙasarku. Bokitin nan mai famfo a gindi da ake kira bokitin Veronica, wata masaniyar kimiyya 'yar Ghana, Veronica Bekoe, ita ta ƙirƙiro shi, kuma har yanzu ba mu ga abin da ya fi shi sauƙin gyara ba. Mai takawa da ƙafa yana lalacewa ne ta wayar da ke jan famfo da sifirin da ke mayar da shi, don ruwan sabulu na zuba a kansu kullum su yi tsatsa. In za a ci gaba da shi, a canza wayar da sandar ƙarfe, a riƙa sa giris duk mako. Sannan mai keke da wanda shan inna ya taɓa ba sa iya taka shi. Famfo mai dogon hannu da ake turawa da gwiwar hannu ya fi yi wa kowa.

Bakin famfo ya zama santimita 85 zuwa 90 daga ƙasa, in da hali a ƙara na biyu a 70 don yara da masu keke. A ƙiyasta rabin lita ga kowane mutum: masu sayayya 200 lita 100 ke nan, jarka huɗu masu lita 25. Bokitin ya kasance da murfi kuma a inuwa. Sabulun sanda yakan yi ƙafa, don haka a narka giram 30 na garin sabulu a lita 1.5 na ruwa cikin gorar roba, a huda murfin, a ɗaure ta da igiya. Don taɓo, a haƙa rami mai santimita 60 ta kowace fuska, a cika shi da tsakuwa da fasassun bulo, ruwan ya bi tiyo ya faɗa ciki. In ƙasar laka ce ba ta shan ruwa, a tara a bokiti a kai kwata. A ajiye wurin wankin a farkon shiga fili, mita 2 daga kujera mafi kusa, ba a bakin ƙofa ba, domin wanke hannu na ɗaukar kusan minti ɗaya, kuma duk abin da ke tsayar da mutum a ƙofa sabon layi yake haifarwa. Man tsaftace hannu mai sinadarin barasa kada a bar shi a rana ko kusa da wuta, yana tsanewa kuma yana kamawa.

TAMBAYA: Mai shago ne daga Kaduna. Sau nawa zan goge kujeru, da wane haɗi? An kuma tallata mini wata rumfa mai fesa wa mutane magani kafin su shiga.

AMSA: Rumfar feshin ku bar ta, Malam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan fesa wa mutane sinadari: yana cutar da ido da fata da huhu, kuma ba ya taɓa ƙwayar cutar da ke cikin maƙogwaro.

Wani bincike da aka buga a Amurka a watan Maris 2020 ya nuna ƙwayar korona na iya kai kwana uku a kan roba da ƙarfe a ɗakin gwaji, shi ya sa aka dukufa goge-goge. Daga baya ta bayyana cewa ta iska cutar ta fi yaɗuwa, ba ta taɓa abubuwa ba. Don haka sau biyu a yini ya isa, a fi mayar da hankali kan madafa da famfo da hannun ƙofa. A fara da ruwa da sabulu, domin ƙura tana kashe ƙarfin kulorin, sinadarin da ke cikin bilic. Haɗin kulorin da ake so kashi 0.1 cikin ɗari ne. A duba jikin gorar bilicin: in an rubuta 3.5, awo ɗaya a ruwa awo 34. In 5 ne, awo ɗaya a 49. A bar shi minti ɗaya a jiƙe, sannan a bi ƙarfe da ruwa zalla, in ba haka ba kulorin zai ci fenti ya kawo tsatsa. A haɗa sabo kullum, a rufe shi daga rana, kada a gauraya shi da wani ruwan wanki, mai gogewa kuma ya sa safar hannu.

TAMBAYA: Gaban shagona a Gusau ƙasa ce, ba daɓe. Da me zan yi alama? Kuma sai na nemi izini kafin in kafa rumfa?

AMSA: A Indiya, a farkon kullen 2020, da alli da farar ƙasa aka riƙa zana da'irori a ƙofar shaguna, kuma toka ma za ta yi muku haka, sai dai kullum da safe sai an sabunta. Mai ɗorewa shi ne a binne jan bulo ko tubalin daɓe a kowane gurbi, samansa daidai da ƙasa don kada a yi tuntuɓe, a shafa masa rawayan fenti. A kan siminti fentin titi ake sawa, bayan an wanke an bar shi ya bushe. Fentin bango mako guda takalma za su cinye shi, takarda mai manne kuwa zafi da ƙura na ɗaga ta. Da'ira mai faɗin santimita 50 da lamba a ciki ta fi dogon layi, don tana nuna wa mutum wurinsa shi kaɗai.

Izini kuwa, in rumfar za ta shiga gefen titi ko a kafa ta da kankare, ku je hukumar tsara birni ta jiharku kafin ku sayi ƙarfe. Irinta ce KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna. Ku tafi da zane a takarda ɗaya mai nuna awon fili, da inda kwata take, da mita 1.5 da kuka bar wa masu wucewa. Ku shaida wa mai unguwa ko shugaban kasuwa, ku kuma zauna da maƙwabtanku na dama da hagu, domin layinku kada ya toshe musu ƙofa. Shaguna uku da ke jere za su iya haɗa kuɗi su yi rumfa guda mai tsawo da wurin wanke hannu guda, kowa da launin takardar lambarsa. Kada a gina komai a kan kwata da zai hana a buɗe ta a yashe kafin damina.